Mun kafa ƙungiyar sauyin yanayi a unguwa, mutane sun watse: shin aikin yana da amfani?

Tambaya: Mu matasa ne, mun kafa ƙungiya a unguwarmu don yaƙi da sauyin yanayi. Mun dasa itatuwa, mun yi aikin gayya na share tituna. Da farko jama'a sun fito sosai, yanzu ko taro muka kira sai mu 'yan kaɗan, itatuwan ma yawancinsu sun bushe. Wani ya ce mana ɓata lokaci muke yi, tunda manyan ƙasashe da masana'antu ne ke lalata duniya. Shin aikin unguwa yana da tasiri? In yana da shi, ta ina za mu sake farawa?

Amsa: Ɗan'uwa, sannunku da ƙoƙari. Bari in fara da mutumin da ya ce ɓata lokaci kuke yi, don rabin maganarsa gaskiya ce, kuma gara ku ji ta daga bakin mai goyon bayanku.

Kafin zamanin masana'antu, iskar kabon da ke sararin samaniya tana wajen kashi 280 cikin miliyan. Yau ta haura 420. Hukumar kula da yanayi ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce zafin shekarar 2024 ya ɗara na wancan zamani da kusan digiri 1.55 a ma'aunin Salshiyas, karo na farko ke nan da shekara guda cur ta tsallake digiri 1.5 ɗin da ake ta magana a kai tun yarjejeniyar sauyin yanayi ta Paris ta 2015. Sama da kashi uku cikin huɗu na hayaƙin da ke jawo wannan yana fitowa ne daga ƙasashen G20, wato ƙungiyar ƙasashe masu ƙarfin tattalin arziki. To ka ga, ko kowane gida a unguwarku ya kashe wutarsa ya koma zaman duhu, ma'aunin zafin duniya ba zai ko motsa ba. Idan kun ɗauki saukar da zafin duniya a matsayin ma'aunin nasararku, kun fāɗi tun kafin ku fara, kuma mutanen da suka daina zuwa sun riga ku gane haka.

Sai dai maganar sauyin yanayi aiki biyu ce. Akwai rage hayaƙin, wanda mafi yawansa yana hannun gwamnatoci da kamfanoni. Akwai kuma kare rai da dukiya daga abin da ya riga ya iso: zafin da ya wuce kima, ruwan sama mai sauka lokaci guda ya fi ƙarfin magudana, fari, ƙarancin ruwan sha. Wannan na biyun, a ƙofar gida ake cin nasararsa ko a fāɗi, kuma babu wani taron ƙasa da ƙasa da zai yi muku shi.

A watan Yulin 1995 zafi ya afka wa birnin Shikago na Amurka, cikin kusan mako guda ya kashe mutum 739 fiye da yadda aka saba mutuwa. Wani masanin zamantakewa, Eric Klinenberg, ya bi diddigin waɗanda suka mutu, ya kwatanta unguwanni biyu da ke maƙwabtaka, North Lawndale da South Lawndale. Dukansu na talakawa ne, dukansu da tsofaffi masu zaman kaɗaici, rana ɗaya ce ta gasa su. Amma yawan mace-macen North Lawndale, gwargwadon yawan jama'arta, ya ninka na maƙwabciyarta kusan sau goma. Abin da ya gano shi ne North Lawndale ta zama kango: shaguna sun rufe, mutane sun ƙaura, tituna sun zama abin tsoro, don haka tsofaffi suka kulle ƙofa da taga suka mutu a ɗaki babu wanda ya sani. A South Lawndale kuwa titi cike yake da masu saye da sayarwa, tsoho yana iya fitowa ya zauna a shago mai sanyi, kuma in an kwana biyu ba a gan shi ba wani zai je ya ƙwanƙwasa masa ƙofa. Bambancin rai da mutuwa ya tsaya ne a kan ko akwai mai ƙwanƙwasa ƙofar.

Faransa ta koyi wannan darasi da tsada. Zafin 2003 ya kashe mata kusan mutum 15,000, yawancinsu tsofaffi, shi ya sa daga 2004 doka ta ɗora wa kowane magajin gari ajiye rajistar tsofaffi da masu naƙasa da za a riƙa tuntuɓa idan zafi ya tsananta. Ku ba sai kun jira doka ba. Littafi ɗaya ya isa. Ku bi gida-gida, da izinin masu gidan, ku rubuta wa ke zaune shi kaɗai, wa ya tsufa, wa ke fama da ciwon zuciya ko ƙoda ko suga, ina mai juna biyu, ina jarirai, wane ɗaki ne rufinsa kwano ne babu silin. A gaban kowane suna ku sa sunan maƙwabci ɗaya da ya yarda zai leƙa shi safe da yamma a kwanakin tsananin zafi ko ambaliya. Kada a rubuta "kwamiti". Mutum ɗaya, da sunansa. Littafin kuma amana ce, ba a ɗora shi a zauren WhatsApp.

Masu leƙawar su san abu biyu. Mutumin da zafi ya sa ya fara rikicewa, yana magana ba kan gado ko yana tangaɗi, jikinsa ya ɗau zafi rau, ba gajiya ce ke damunsa ba, yana bakin mutuwa ne: a kai shi inuwa, a sheƙa masa ruwa a jiki, a yi masa fifita, a nemi asibiti a lokaci guda, kada a ce sai an kai shi tukuna za a sanyaya shi. Na biyu, idan zafin ɗaki ya haura digiri 40, fanka ita kaɗai iska mai zafi take hura wa mutum, sai an haɗa da jiƙa jiki ko tufa.

Birnin Ahmedabad na Indiya ya rasa mutum 1,344 fiye da yadda aka saba mutuwa a zafin watan Mayun 2010. A 2013 ya fito da tsarin tunkarar zafi, na farko a Kudancin Asiya, kuma abubuwan da ke cikinsa ba su da wani sarƙaƙiya: gargaɗi tun kwanaki kafin zafin, ruwan sha a wuraren taruwa, buɗe wuraren ibada da gine-ginen jama'a don a fake, horar da ma'aikatan lafiya. Daga baya suka ƙara shafa wa rufin gidaje farin fenti ko farar ƙasa, abin da ke rage zafin cikin ɗaki da digiri biyu zuwa biyar, gwargwadon irin rufin. Wannan aiki ne da matasa goma za su yi wa gidajen tsofaffi biyar a yini guda, kuma mai ɗakin zai ji bambancin a daren ranar.

Yanzu ga dalilin da ya sa mutane suka watse. Ni a ganina abin da kuka shirya buki ne, kuma buki ranar da aka yi shi yake ƙarewa. An fito, an ɗauki hoto, an share titi, bayan kwana huɗu titin ya koma yadda yake, domin abin da ke kawo sharar bai canza ba. Wanda ya bar sana'arsa ya zo sau biyu ya ga haka, ba zai zo na uku ba, kuma ban ga laifinsa ba. Ga kuma sunan da kuka sa wa aikin. Mace da ruwa ke shigar mata ɗaki duk damina ba ta da lokacin lacca a kan ƙanƙarar da ke narkewa a ƙarshen duniya, amma ka ce mata ranar Asabar za a buɗe kwatar da ke maido mata da ruwa, za ta riga ka fitowa. Aikin ɗaya ne, ƙofar shigarsa ce ta bambanta.

Abu na uku, kuma shi ya fi muhimmanci: unguwa ta yi girma. Misalin da nake so ku riƙe shi ne na Orangi, wata makekiyar unguwar talakawa a birnin Karachi na Pakistan. A 1980 Akhtar Hameed Khan ya fara aiki a can, lokacin da ƙazantar bayan gida ke gudana a tsakiyar layuka, hukuma kuma tana cewa ba ta da kuɗin shimfiɗa bututu. Bai kira taron unguwa ba. Layi ya ɗauka, gidaje 20 zuwa 40, mutanen da suka san juna, suka san wa ke cika alkawari wa ke da baki kawai. Kowane layi ya zaɓi wakilinsa, ya tara kuɗinsa, ya haƙa raminsa. Ƙungiyar Khan ba ta raba kuɗi ba: ta auna ƙasa, ta zana taswira, ta yi lissafin kayan aiki, ta ba da aron kayan gini, shi ke nan. Da layi ɗaya ya gama, na kusa da shi ya ga titin maƙwabta ya bushe, shi ma ya nemi a zo a auna masa. A haka dubban layuka suka shimfiɗa wa kansu bututu a kan kuɗin da bai kai kusa da abin da 'yan kwangila ke nema ba. Sun kuma raba aiki a fili: abin da ke cikin gida da cikin layi na mazauna ne, babban bututu da wurin tace ƙazanta na hukuma ne. Wannan rabon zan dawo kansa.

Elinor Ostrom, mace ta farko da ta samu kyautar Nobel a fannin tattalin arziki, a 2009, ta shafe rayuwarta tana nazarin dalilin da ya sa wasu al'ummomi ke iya kula da kayan tarayya, irin su daji da makiyaya da ruwan ban-ruwa, shekaru ɗaruruwa, wasu kuma su cinye su cikin ɗan lokaci. Abin da ta gani a wurin masu ɗorewa: an san iyakar abin da waɗanda ke da hakki a kansa, waɗanda dokar za ta hau kansu su suka tsara ta, akwai mai sa ido daga cikinsu, hukunci yana hawa mataki-mataki, daga jan kunne zuwa tara, akwai hanyar sasanci mai sauƙi, hukuma kuma ta amince da tsarin. Ka auna ƙungiyarku da wannan. Itacen da kuka dasa a bakin titi, na wa ne? In akuya ta ci ko yaro ya karya, wa zai yi magana? Wanda ya juye shara a kwata da dare, me zai biyo baya? In amsar ita ce "kowa" ko "babu", ka ga inda gizo ke saƙar.

To ta ina za ku fara? Ku zaɓi layi ɗaya da matsala ɗaya, wadda mazauna layin suka ambata da bakinsu. A wurare da yawa amsar za ta zama ruwa. Duk digiri ɗaya da iska ta ƙara zafi, tana iya ɗaukar ƙarin danshi kusan kashi 7 cikin 100, shi ya sa ruwan da a dā zai sauka cikin kwana uku yanzu yakan zubo cikin sa'o'i. Ranar 26 ga Yulin 2005 birnin Mumbai ya samu ruwa milimita 944 cikin awa 24, mutum sama da 1,000 suka mutu a jihar Maharashtra da birnin yake ciki, kuma magudanun da leda ta toshe suna cikin abin da aka ɗora wa laifi. Bangaladash ta haramta siraran ledoji tun 2002 saboda irin wannan toshewar.

Kafin ku ɗauki shebur, ku fita cikin ruwan. Ina nufin lokacin da ake tsaka da yinsa, ba washegari ba. Ku bi kwatar da ƙafa daga sama zuwa ƙasa, ku ga inda ruwan ke gudu da inda yake tsayawa yana juyi. Galibi za ku tarar matsalar layi gaba ɗaya wuri biyu ce ko uku: wani kwalbati da yashi ya cike, wata gadar shiga gida da aka zuba mata siminti ta matse hanyar ruwa, wani lungu da ya zama juji. Ku ja layi da fenti a bango daidai inda ruwa ya kai, ku rubuta kwanan wata. Wannan layin zai yi muku amfani fiye da duk wata takarda ranar da za ku je gaban hukuma.

Yasar kwata daga ƙasa ake farawa, inda ruwan ke fita, a hauro sama. Wanda ya fara daga sama ya tura wa maƙwabcinsa na gangare bala'i ne, kuma daga nan rigima ke tashi tsakanin layuka. Laka da sharar da aka tono, a tanadi abin da zai kwashe su kafin a fara. In aka tara su a gefen titi, ruwan farko zai mayar da su inda suka fito. Takalmin roba da safar hannu dole ne. Rufaffiyar magudana ko ramin masai kuwa, kada wani matashi ya shiga don nuna jarumta: iskar da ke taruwa a ciki tana sumar da mutum cikin daƙiƙoƙi, kuma sau da yawa wanda ya shiga ceto shi ma ba ya fitowa. Duk wannan kafin damina ake yinsa, ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai kuma rage ruwan da ke isa kwatar tun farko. Milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Rufin da ya kai murabba'in mita 100, in aka yi ruwa milimita 20, ya zubar da lita 2,000. Gidaje talatin su tare rabin wannan a tanki, ka ga nauyin da aka sauke wa layin, ga ruwan wanki kyauta. A bar ruwan farko ya wanke rufin ya zube, a kuma rufe tankin ruf saboda sauro. Haka nan duk tsakar gidan da aka bari babu siminti, ƙasa ce ke shanye rabonta.

Batun itatuwa. Kada bushewarsu ta kashe muku gwiwa, manyan gwamnatoci ma sun sha wannan. Ranar 11 ga Nuwamban 2019 Turkiyya ta dasa itatuwa miliyan 11 a yini guda. Bayan 'yan watanni ƙungiyar ma'aikatan gona da gandun daji ta ce kusan kashi 90 cikin 100 na waɗanda ta duba sun mutu saboda rashin ruwa, ma'aikatar gwamnati kuma ta musanta. Ko wanne ne ya fi gaskiya, gardamar kanta ta nuna cewa adadin da ake shela ranar dashe ba shi ne abin dubawa ba. Kwatanta da hukumar birnin Medellin na Kolombiya, wadda daga 2016 ta shuka korayen hanyoyi 30 a gefen tituna da rafuka, ta kuma horar da mutum 75 daga gidajen marasa ƙarfi su zama masu lambu na dindindin. Zafin wuraren ya sauka da kusan digiri 2. Sirrin yana wurin mutum 75 ɗin nan.

Don haka ku juya tsarin: a nemo mai itace kafin a nemo itace. Gidan da ya yarda zai shayar da shi rani biyu, shi za a dasa wa a ƙofarsa, kuma shi zai zaɓi irin da yake so daga cikin waɗanda suka saba da ƙasar wurin. A dasa a farkon damina. A zuba ruwa mai yawa sau ɗaya ko biyu a mako don ya nutse saiwa ta bi shi ƙasa, ya fi yayyafi kullum. A baza busasshen ganye a gindinsa, amma kada ya taɓa jikin itacen. A kewaye shi. A duba sama ko akwai wayar lantarki, a duba ƙasa ko akwai bututu, a ja da baya daga katanga. In ana son inuwar ta yi wa ɗaki aiki, ɓangaren yamma ya fi, nan ranar la'asar ke dukan bango. Itace ashirin da suka kai shekara uku sun fi dubu da suka mutu a wata uku. Kuma babban itacen da ke tsaye yanzu a unguwarku, wanda wani ke shirin sarewa don ya faɗaɗa shago, inuwarsa ta fi ta duk dashenku na shekara goma masu zuwa. Tsayawa a kansa ma aikin ƙungiya ne.

Shara ita ce inda kare kai da rage hayaƙi suka haɗu. Hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 an zubar da abinci tan biliyan 1.05, kashi 60 cikin 100 daga gidaje, kuma abincin da ke lalacewa ko a zubar shi ke da alhakin kashi 8 zuwa 10 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya. Ragowar abinci in ta danne a juji babu iska, tana fitar da iskar metan, wadda a cikin shekara 20 ta fi iskar kabon riƙe zafi kusan sau 80. Ƙona sharar kuma ba mafita ba ce: leda da roba in suna ci suna sakin guba da baƙin hayaƙi, huhun yaran layin ne ke fara karɓa.

Maganin yana farawa da bokiti biyu a kowane gida, jiƙaƙƙiya daban, busasshiya daban. Jiƙaƙƙiyar ta zama taki. Ga yadda tsibin takin kirki yake: faɗinsa da tsayinsa kamar mita ɗaya-ɗaya, a inuwa. Duk kwano ɗaya na ɓawon kayan miya da ragowar ganye, a rufe shi da kwano biyu ko uku na busasshen abu, ganyen da ya zubo, yayyagaggen kwali, garin katako. Ka damƙi kaɗan ka matse: in ɗigo ɗaya ko biyu ya fito, daidai ne, in ya tsiyaye, ya jiƙe da yawa, in ya warwatse, yana son ruwa. Bayan 'yan kwanaki ka tura hannu ciki, za ka ji zafin da ba za ka iya daɗewa ba, digiri 55 zuwa 65, shi ke kashe ƙwayoyin cuta da irin ciyawa. A juya shi duk mako ko mako biyu. In ya fara ɗoyi, iska ce ba ta shiga, a juya a ƙara busasshe. Nama da kifi da mai ba sa shiga, su ke kiran ɓeraye, kuma ɓera ɗaya ya isa ya sa maƙwabta su rufe muku aikin. Cikin wata biyu zuwa uku zai zama baƙi mai ƙamshin ƙasa, ya koma gindin itatuwan nan.

Busasshiyar kuwa, akwai masu ita tun kafin ku zo. 'Yan jari-bola da masu sayen gwangwani da roba su ne suka fi kowa sake sarrafa kaya a birane da yawa na duniya, sai dai ba a kiransu masu kare muhalli. A birnin Pune na Indiya, masu tsintar shara sun kafa ƙungiyar haɗin gwiwa mai suna SWaCH, suka ƙulla yarjejeniya da hukumar birni, dubbansu na bi gida-gida suna karɓar sharar da aka ware. Ku kira na yankinku ku zauna da su, ku sa rana da lokaci. Ƙungiyar da ta zo da tsarin da zai raba talaka da abincinsa da sunan tsafta, ni ban ɗauke ta mai gyara ba.

Gyaran kaya ma haka. Martine Postma ta fara taron gyara kyauta a Amsterdam a 2009, yau irinsa dubbai ne a duniya. Amma a inda masu gyaran waya da fanka da takalmi ke ci da sana'ar, ba kwa buƙatar kwaikwayonsa. Ku tura musu ciniki kawai.

Rage hayaƙi fa, ba ku da rabo ke nan? Kuna da shi, ta wata hanya da ba a cika lura da ita ba. A garin San Marcos na jihar Kalifoniya, masu bincike sun rataya wa gidaje takardu a ƙofa suna roƙon a rage shan wuta. Wasu an ce musu don kare muhalli, wasu don tattalin kuɗi, wasu don 'ya'ya da jikoki, wasu kuma an gaya musu cewa yawancin maƙwabtansu sun riga sun fara. Da aka karanta mita, saƙon maƙwabta ne ya fi rage shan wutar, alhali da aka tambayi mutane, shi suka ce ya fi komai rashin tasiri a kansu. Haka aka gani da farantan sola: inda aka ɗora a rufi ɗaya, na kusa sukan biyo baya. Gani ya kori ji. Saboda haka maimakon lacca, ku nemi gidan da ya canza ƙwan lantarki zuwa LED, wanda ke rage shan wuta da aƙalla kashi 75 cikin 100 idan aka kwatanta da tsohon ƙwai mai zare, ko ya shafa farin rufi, ko ya sa murhu mai tsimin makamashi, ya buɗe ƙofa maƙwabta su shigo su gani su yi tambaya, har da abin da bai yi masa daɗi ba.

In masu sha'awa sun taru, ku yi saye tare. A 2009 mazauna wata unguwa a birnin Portland na Amurka suka haɗu suka nemi kamfani ɗaya ya sa musu sola a kan farashin sari, tsarin ya bazu zuwa garuruwa da yawa. Ribar ba sauƙin kuɗi kaɗai ba ce: gida talatin da suka haɗa kai suna iya tantance mai kaya, su ƙi jabu, su sa shi ya dawo gyara. Abu ɗaya nake jan kunnenku a kai. Ɗan haya ba shi da ikon taɓa rufi, wanda ke neman na yau ba zai sayi batir ba, kuma su ne dama ba su da wani hayaƙin a zo a gani. Kada ƙungiyar ta zama wurin da masu hali ke yi wa marasa hali wa'azi.

Kuɗi shi ke kashe irin waɗannan ƙungiyoyi fiye da gajiya. Mai karɓa daban, mai rubutawa daban, lissafi a manne a bango inda kowa zai karanta. Ku tara don aiki ɗaya sananne, a yi shi, a faɗi abin da ya rage, kafin a sake neman wani. Tallafin waje kuwa, in ya zo kafin ku saba da yin abu da kuɗinku, yakan mayar da masu aikin sa kai masu jiran alawus. Taro kada ya wuce awa guda, a sa shi lokacin da mata za su iya zuwa, domin su suka fi sanin inda ruwa ke shiga da inda shara ke taruwa.

Sai rabon aikin nan na Orangi. Akwai abin da layi ba zai taɓa yi wa kansa ba: babbar magudana, motar kwashe shara, hana gini a kan hanyar ruwa, motocin haya na jama'a, wutar lantarki mai tsafta. Kada ku ɗauke wa hukuma nauyinta, kuna yashe abin da ta karɓi haraji don ta yashe. Ku yi naku, sannan ku je mata da shi a hannu: ga taswirar layinmu, ga hotunan alamar ruwa a bango da kwanakinsu, ga mita kaza da muka yashe da kuɗinmu, ga sa hannun gidaje arba'in, abin da ya rage kwalbati ɗaya ne a mahaɗar titi kaza, kuma naku ne. Buƙata ɗaya a takarda ɗaya, a karɓi shaidar an karɓa, a tambayi sunan ofishin da zai duba da ranar da za a dawo. Ku bincika watan da ƙaramar hukumarku ke tsara kasafin kuɗin shekara mai zuwa, ku kai takardar wata biyu kafin nan, kuma ku tafi tare da wakilan layukan da ke sama da ku da na ƙasa da ku a kan magudanar, don jami'in ya ga cewa kwalbatin ba na layi ɗaya ba ne.